Akurkin Na-Can

Shekara bakwai ba ya gida. Da ya dawo, sai ya tarar kowa ya ci gaba da sabgarsa, babu wanda ya tsaya jiransa. An sare bishiyar ƙofar gida an kafa falwaya a gurbinta. Shagon mai gyaran rediyo ya koma wurin cajin waya. An rufe rijiyar tsakar gida da siminti an sa famfo, famfon kuma ba ya kawo ruwa sai ranar da ya ga dama. Gemun Baba ya yi fari fat. Auta, wadda ya bari tana birgima a ƙasa saboda alewa, ta kere shi tsawo, ga baki kamar reza. Karen gidan ya mutu. Mai Aski ne kawai yake nan inda aka bar shi, sai dai ya ajiye tumbi, shi da muzurunsa.

Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ɗakinsa.

Ya tura ƙofar da jaka a kafaɗa, wari ya riga kowa yi masa sannu da zuwa. Kaji a kan gado, kaji a cikin durowa, wata ta leƙo daga cikin tsohon takalminsa na ƙwallo. Can sama a kan fiffiken fanka wani jan zakara ya karkato kai yana dubansa da ido ɗaya, kamar mai shirin tambayar wa ake nema.

"Inna! Mene ne wannan?"

"Kaji ne," in ji Inna daga bakin murhu. "Ko inda ka je ba su da su?"

Ta ba shi labari a taƙaice. Tun da kare ya mutu, muzurun daji ya mai da gidan wurin cin abincinsa, shaho kuma ya ɗauki ragowar. A wata guda ta rasa tara. Sai ta duba ta ga ɗaki a rufe, mai shi ko waya ba ya yi, ta kora su ciki. Tun daga ranar ko gashin ɗaya bai ɓata ba. Yanzu su ashirin da uku ne, kuma kullum kafin faɗuwar rana sai ta ƙirga su.

"To ni ina zan kwana?"

"Ga doguwar kujera can a falo. Baƙi ma a nan suke kwana."

"Yanzu ni baƙo ne, Inna?"

"Su dai waɗannan ban taɓa nemansu na rasa ba."

Kwana uku ya yi a kan kujerar nan mai rami a tsakiya, yana tashi a lanƙwashe kamar lauje. A cikin kwana ukun kuma ya samu suna. Ba ya buɗe baki sai ya ce "a can". A can ba haka ake haɗa shayi ba. A can famfo ba ya ɗaukewa. A can ko kuda sai da izini yake shiga gida. Kafin mako ya zagayo, unguwa ta manta sunan da aka raɗa masa, kowa sai Na-Can.

Gaskiyar magana, a can ɗin ya taɓa yin wata huɗu a bakin ƙofar wata gonar kaji, yana ɗaga wa manyan motoci ƙarfe su wuce. Kajin ma ta ramukan kwando yake hango su. Amma a bakinsa gonar ta kai kaji dubu hamsin, shi kuma shi ne shugaban tsaronta gaba ɗaya.

Ran na huɗu ya dafe ƙugu ya tsaya a tsakar gida.

"Inna, kaji dubu hamsin na tsare, ko ɗaya ba ta yi tari ba. Zan gina miki akurki a bayan gida irin wanda ba a taɓa gani ba. Ki ba ni ɗakina."

Inna ta ci gaba da tankaɗe. "Su yi kwana bakwai a akurkin naka. Ran na bakwai in na ƙirga da yamma na samu ashirin da uku a ciki, ɗaki naka ne. In ba haka ba, su koma inda suka saba. Malam, ka ji?"

Baba ya ɗan rage muryar rediyonsa. "Na ji," ya ce, ya mai da ita yadda take.

Da safe Kafinta, maƙwabcinsu na bayan katanga, ya ji ƙarar zarto yana kukan wahala, ya leƙo.

"Na-Can, in akurki kake so, aikin rabin yini ne. Katako huɗu, ragar waya, ƙofa ɗaya da sakata. Kawo in buga maka."

"Allah sarki, Kawu. Wannan ai akurkin mutanen da ne. Tsaro ilimi ne." Ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. "Maƙiyin kaza kashi uku ne. Akwai na sama, shaho. Akwai na ƙarƙashin ƙasa, gafiya. Akwai na doron ƙasa, muzuru. Kowa da maganinsa."

Maganin na sama shi ne rufin kwano da aka manne wa fasassun madubai da tsofaffin faya-fayan bidiyo, don hasken ya kashe wa shaho ido. Maganin na ƙasa, rami zagaye da akurkin, cike da ruwa. Sannan gwangwanaye arba'in a jikin igiya, ko ƙadangare ya gifta su yi ƙara. Sannan wata jar igiya, in an ja ta rufin ya buɗe gaba ɗaya.

"Wannan kuma ta mece ce?" in ji Kafinta.

"Ta gaggawa ce. Saboda gobara."

"Au, kajin girki za su riƙa yi a ciki?"

Na-Can bai kula shi ba, domin ya zo kan abin da ya fi alfahari da shi: wata 'yar ƙofa a ƙasa, maƙale da robar tsohuwar taya, wadda in an tura ta daga waje take buɗewa, daga ciki kuwa ko giwa ce sai dai ta haƙura.

"Sunanta shiga-ba-fita. Muzuru ya shiga, ya gama yawo."

Kafinta ya dubi 'yar ƙofar, ya duba fuskar Na-Can, ya sauka daga katanga.

Kwana biyu ana bugu. Ya daki babban yatsansa sau uku, kowane karo ya ce a can gudumarsu ba ta da wannan halin. Ran na biyu da rana tsaka ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya ja da baya don ya ƙare wa aikinsa kallo, bayansa ya bugi raga. Ya juya dama, raga. Hagu, raga. Daga ciki ya yi aikin, kuma bai yi ƙofar mutum ba, domin a iliminsa ƙofar mutum ita ce ƙofar ɓarawo. Jar igiyar ma tana waje tana lilo, bai riga ya ɗaura ta ba.

Ya durƙusa ya gwada shiga-ba-fita. Ta cika alkawarinta.

Auta ce ta fara ganinsa, ta fito shanya. Ta ajiye bokiti ta zagaya akurkin sau ɗaya a hankali.

"Yaya, dusa za a kawo maka ko tsaba?"

"Ke, ba na son iskanci. Je ki kira Kawu, kuma kada ki gaya wa kowa."

Ba ta gaya wa kowa ba, sai Mai Aski da mutum shida da ke zaune a bencinsa. Kafin Kafinta ya nemo abin zare ƙusa, katanga ta cika da kawuna. Aka ɓalle katako biyu, Na-Can ya fito da rarrafe, ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Gwaji ne," ya ce wa jama'a. "Tunda ni da na gina shi ban iya fita ba, wa zai fita?"

"Mu dai shiga muke tsoro, ba fita ba," in ji Kafinta, ya mai da katakon nan biyu ƙofar mutum da sakata ba tare da ya nemi izini ba.

Kwashe kajin ya ci yini guda. Ba su ga dalilin barin ɗaki mai fanka su koma keji ba. Ya kama wannan, waccan ta fice ta tsakanin ƙafafunsa. Jan zakaran ya sauko daga fanka ya sa masa hannu a goshi, layi biyu. Da yamma dai Inna ta ƙirga ashirin da uku a akurki, ta ce, "Ɗaya."

Ran na biyu, da hantsi, rana ta daki madubin rufi, hasken ya tsallake katanga ya tsallake titi ya sauka daidai idon Mai Aski, yana tsakiyar yi wa Direba, wani ɗan unguwa, gyaran fuska. Ba a jima ba sai ga su sun yi sallama, Mai Aski a gaba yana hawaye da ido ɗaya, Direba a baya da rabin gashin baki.

Mai Aski ya nuna Direba. "Dubi abin da ka jawo! Shekara goma sha biyu mutumin nan yana kiwon gashin bakinsa!"

Na-Can ya dubi Direba ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. "To ka gani. In ya yi wa mutum haka, ina ga shaho?"

Da kyar aka riƙe Direba.

Ran na uku agwagin maƙwabta suka samu labarin ramin ruwa, suka zo da iyalansu. Ran na huɗu Baba ya zagaya bayan gida yana sauraron labarai, ƙafarsa ta zarce cikin ramin. Ya fito jiƙe har ƙirji, ya ɗaga rediyon sama yana tsiyayar da ruwa, ya kara a kunne. Shiru. Ya dubi ɗansa dai, irin duban da ya sa Na-Can ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Gwangwanayen kuwa ba su san bambancin muzuru da iska ba. Daga safe har yamma ƙarau-ƙarau, ƙarau-ƙarau. Masu zuwa gaisuwa suka daina zuwa. Kaji suka daina ƙwai ɗungurungum, suka koma tsayuwa a kusurwa ɗaya suna zare ido.

"Kwana biyar ko ƙwai ɗaya," in ji Inna.

"Kai muka yi alkawarin ƙirgawa, Inna, ba ƙwai ba."

Abin mamaki, kan bai ragu ba. Shaho ya zo ya sauka a kan falwaya, ya yi kwana uku yana nazarin wannan abu mai walƙiya da ƙara, bai yanke shawara ba. Muzurun daji ko ƙeyarsa ba a gani ba. Inna ta ce "Biyar", ta ce "Shida", muryarta na raguwa.

Na-Can ya shiga gyaran ɗaki. Ya kankare ƙasa da cebur, ya wanke da omo sau huɗu, ya shafe bango da farar ƙasa, ya goge fanka fiffike-fiffike. Ya shimfiɗa sabon zanen gado mai furanni. Ya ɗauko jakarsa daga falo ya ɗora a kan gadon, ya zuge ta, don da an ƙirga ya fara jera kaya. Ya bar ƙofar a wangale don sauran warin ya fita.

Ran na bakwai, saura kamar awa biyu a ƙirga, ya fita ƙofar gida yana taku ɗai-ɗai, hannu a aljihu. Bencin Mai Aski a cike.

"Jama'a, yau ake rufe littafi. Kwana bakwai, ko gashi."

Mai Aski ya ci gaba da wasa askarsa. "Ni fa na ji an ce muzurun nan tafiya ya yi. Tun kafin ka dawo ba a ganinsa."

"Ni ma na ji," in ji Direba, wanda yanzu leɓensa na sama yake fayau kamar na jariri. "Gida babu ɓarawo, kowane mai gadi jarumi ne."

Na-Can ya zare hannu daga aljihu.

"To ku taso. A can ba ma jiran maƙiyi, atisaye muke yi. Kawo muzurunka, Mai Aski. A gabanku zan nuna muku."

Muzurun Mai Aski muzuru ne a suna kawai. Ana kiransa Manaja, domin bai taɓa yin aikin komai ba. Ɓeraye a gabansa suke raba abinci. Mai Aski ya sungumo shi kamar buhun gari, jama'a suka biyo baya, wasu ta ƙofa, wasu ta katanga, har da mai ɗauko benci.

Inna ta tare shi a tsakar gida ta rage murya. "Kai, ɗan nan. Saura kaɗan ka ci ɗakinka. Je ka zauna a kan hannunka har rana ta faɗi."

"Inna, mutuncina ake taɓawa."

"Bar shi, Inna," in ji Auta, tana jawo kujera zuwa inda za ta fi gani da kyau.

Na-Can ya sa hular da ya zo da ita mai baƙin baki, ya rataya usur. Ya yi jawabi kan maƙiyi kashi uku har mutane suka fara hamma. Sannan ya gitta katako a kan ramin ruwa, ya ajiye Manaja a gaban akurki, ya busa usur.

Manaja ya dubi kaji. Ya dubi jama'a. Ya kwanta ya lumshe ido.

Dariya ta tashi. "Maƙiyi ya yi barci!" in ji Direba.

"A can ma akan samu haka. Sai an zaburar da shi." Ya aika aka samo kan busasshen kifi, ya goga a hancin Manaja, ya tura shi ta shiga-ba-fita ya faɗa ciki. Manaja ya buɗe ido ɗaya. Ya miƙe, ya yi miƙa, ya sa goshi ya tura 'yar ƙofar. Ta buɗe masa kamar ta san shi. Wutsiyarsa ta shige, ƙofar ta koma ta rufe, ƙyas.

"Ya shiga," in ji Kafinta.

"Haka aka tsara!" Na-Can ya ɗaga hannu biyu. "Kun gani? Ya kamu! Ba shi da hanyar fita!"

"Ya kamu," in ji Inna a hankali. "Shi da wa a ciki?"

Na-Can ya juya. Sai a lokacin, bayan kwana tara da zane da jawabi, ya lura cewa tarkon muzuru da ɗakin kaji wuri ɗaya ne.

Kajin ba su tsaya tambayar ko wane irin muzuru ne ba. Akurki ya ɗauki kyarkyara da fuka-fuki, ƙura ta turnuƙe. Jan zakara ya dira a bayan Manaja, Manaja ya saki wata ƙara da bai san yana da ita ba, ya haye raga ya manne. Gwangwanaye arba'in suka kama aiki. Agwagi suka shiga da nasu.

"Manaja! Za su kashe min shi!" Mai Aski na ihu.

"Buɗe sakata!" in ji Kafinta. "Ƙofar mutum, ga ta nan gabanka!"

Amma Na-Can ya daɗe yana jiran ranar jar igiya. Ya busa usur sau uku, ya ce, "Kowa ya kwantar da hankalinsa!" ya kama ta da hannu biyu ya ja da dukan ƙarfinsa. Rufi ya wangale, madubai suka watsa haske a idon duk wanda ke kan katanga, mutum uku suka ɓace ta baya. Kaji ashirin da uku suka tashi sama kamar an kunna su. Shi kuma ya ja da baya taku ɗaya fiye da yadda ƙasa ta tanada, ya tafi cikin ramin ruwa da usur a baki. Igiyar ta kuɓuce, rufin ya dawo ya rufe, garam.

Shaho, da ya yi kwanaki yana jiran wannan rana, ya naɗe fiffike ya sulalo daga falwaya, ya nufi wata 'yar budurwar kaza da ta rikice a tsakar fili. Saura ƙiris, sai wani abu ya wuce ta saman kan jama'a yana juyi, ya same shi a gefen fiffike, fas. Silifas ɗin Inna ne. Shaho ya yi tangal-tangal, ya bar gashi biyu, ya tafi bai waiwayo ba.

"Shekara uku da shi nake tsaronsu," in ji Inna, tana tsaye da takalmi ɗaya.

Kajin kuwa, da suka dira, ba su yi shawara da kowa ba. Jan zakara a gaba, saura a baya, suka ratsa tsakar gida a guje, suka shige ƙofar da aka bar musu a wangale. Inna ta bi su da ɗingishi ta ja ƙofar, ta leƙa ta taga tana nuni da yatsa.

"Ashirin da uku," ta ce.

Na-Can ya fito daga rami, ruwa na zuba daga hularsa. "Kun ji ko! Ashirin da uku! Ko ɗaya ba ta ɓata ba! Baba, kai ne shaida!"

Baba, wanda tun rasuwar rediyonsa ya samu lokacin magana, ya gyara zama. "Cewa aka yi a ƙirga su a cikin akurki. A duba akurkin a gani, mutum nawa ne a ciki?"

Kowa ya juya. A tsakiyar akurki, ƙarƙashin rufi mai madubi, bayan ramin ruwa, cikin tsaron gwangwanaye arba'in, Manaja ne zaune shi kaɗai yana cin kan kifinsa. Babu shahon da zai taɓa shi, babu gafiyar da za ta kai gare shi.

"Kai, tsaro ya yi tsaro," in ji Kafinta. "Tunda nake ban taɓa ganin muzurun da aka tsare haka ba."

Dariyar da aka yi har mai cajin waya sai da ya rufe shago ya zo tambaya.

"Kada ka damu, Yaya," in ji Auta. "In an fitar da Manaja akurkin babu kowa. Ka ma taɓa wuni a ciki, ka san kansa."

Washegari da safe ya tashi daga doguwar kujera a lanƙwashe, ya ce shi zaman garin nan ya ishe shi, ba a san darajar ilimi ba. Ya tura ƙofar ɗakin don ya ɗauko jakarsa. Zanen gado mai furanni ya samu ƙarin furanni. Zakara na kan fanka. A cikin jakar kuwa, kan rigunansa masu guga, wata baƙar kaza ce ta baje, ta kumbura, tana yi masa gurnani.

"Kada ka taɓa ta," in ji Inna daga bayansa. "Kwanci ta fara. Na sa mata ƙwai goma da na ajiye tun kafin akurkinka."

"Inna, jakata ce fa!"

"Kwana ashirin da ɗaya ne kawai. In ka zauna ta ƙyanƙyashe, sai ka ɗauki abarka." Ta faɗi haka tana duban wani wuri daban.

Ya dubi kazar. Ya leƙa falo ya dubi kujera mai rami. Ya lissafa kwana ashirin da ɗaya a ƙashin bayansa, ya girgiza kai. Ya je bayan murhu ya ɗauko buhun dusa da babu komai, ya kakkaɓe, ya zura wando biyu da ke kan igiyar shanya, da hula, da usur. Inna ta shiga ta fito, ta cusa masa wani ƙulli mai ɗumi a buhun. Dafaffen ƙwai ne guda huɗu.

"Sai ina kuma, Yaya?" in ji Auta.

"Inda ake neman masana."

Ya durƙusa yana ɗaure bakin buhun da guntun jar igiya, leɓensa na motsi. Auta ta matso ta kasa kunne. Gwaji yake yi, a hankali, yana gyara murya:

"A can gida, ni na gina akurkin da muzuru ya shiga bai fita ba. Mutum ya fi hamsin a wurin, ku je ku tambaya."